Matakala Arba'in da Biyu

Gidana a Lüneburg hawa na uku ne,
matakala arba'in da biyu, na ƙirga,
ba don son lissafi ba,
sai don kullum sau huɗu nake hawansu
da kilo huɗu da rabi na kare a ƙirjina.

Sunansa Fips. Irmgard ce ta raɗa masa.
A aljihun rigar sanyi ta kawo shi,
kunne biyu da hanci, sauran duk alkawari.
Na ce, wannan kare ne ko tsiran alade?
Ta ce, kai ma ba a gama ka da kyau ba,
ga shi na zauna da kai.

Dogo ne kamar zancen maƙwabci,
ƙafafu kuwa gajeru,
kamar kuɗi sun ƙare ana tsakiyar gini.
Ƙirji na gogar ƙasa, kunne na sharar hanya,
amma in ya yi haushi a bayan ƙofa
mai kawo wasiƙa sai ya ja da baya
yana tsoron ƙaton da ke ciki.

Kakanninsa masu bin zomo ne har rami.
An rage su don su shiga rami,
aka ƙara rage su don su zauna a cinya,
amma ramin bai fita daga kansa ba.
Ya tone furannin Uwargida Tiedemann,
ya dawo da hanci baƙi ƙirin, ko kunya babu.
A bakin kogin Ilmenau, in ya shinshino wani abu,
kira sunansa har muryarka ta dushe.

Likita ta ce min: baya, baya, baya.
Doguwar gada ce a kan gajerun ginshiƙai.
Ban da tsalle, ban da matakala.
In za ka ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu.
Abinci kuma da ma'auni, ba da tausayi ba.
Ina aunawa, yana kallona
kamar na cinye dukiyar marayu.
Ran Lahadi auduga a kunne, yankan farce,
buroshi a haƙori, muna ta rigima
irin ta waɗanda suka tsufa tare.

In ƙanƙara ta sauka har ta taɓo cikinsa
sai jar rigar ulun da Irmgard ta saƙa
a sanyinta na ƙarshe.
Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Ban gyara ba.

Bayan jana'iza wata biyu yana kwana kan silifas ɗinta.
Da wurin zai ɗauke ni, da can na kwanta.

Bara, ran wata Talata, na yi sakaci.
Ƙararrawa ta kaɗa, ya diro daga kujera,
ƙara ɗaya ya yi,
ƙafafun baya suka ƙi bin sa.
Mako shida a keji, magani a ɓoye cikin cuku.
Na sauko da katifa ƙasa kusa da shi,
yatsu biyu ta tsakanin waya, yana lasa har barci.
Jikata Wiebke ta zo da katako da ƙusa
ta yi masa gangara daga kujera zuwa ƙasa.
Ya dubi aikin, ya dube ta, ya juya baya.
Sai da cuku ya sa baki aka shirya.

Yanzu yana tafiya a ɗan karkace, kamar ni.
Wiebke ta ce in koma gidan ƙasa,
shekara saba'in da tara ba ta wasa da matakala.
Na ce to.
Tun bazara nake cewa to.

Ba ta san cewa a hawa na biyu,
inda nake jingina in huta,
yakan cusa hancinsa mai sanyi a wuyana ba,
zuciyarsa na gudu a kan tawa mai nawa,
mu biyu muna haki, kowa na jiran ɗan'uwansa.

Saura goma sha huɗu.
Ya yi atishawa.
Na ɗaga ƙafa.